Inda gani bai kori ji ba

Ina ɗan shekara 11 na kusa rasa ƙanena a Kogin Kaduna. Rani ne, ruwa ya ja baya har duwatsu sun fito, muka saci jiki daga gidanmu da ke Kakuri muka gangara wajen gadar jirgin ƙasa. A wani gurbi tsakanin duwatsu ruwan ya kwanta garau, ana hango tsakuwar da ke ƙasansa. Na duba, na ce masa iyakarsa ƙirji. Yana shiga ruwan ya shanye kansa. Wani mai wanki ne ya fizgo shi.

Na daɗe ina zargin kaina da ganganci. Sai a babbar sakandare, ranar da malamin fiziks ya tsoma biro a kofin ruwa muka gan shi kamar ya karye, na fahimci abin da ya faru.

Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya cikin iska, amma kusan 225,000 cikin ruwa. Saboda wannan bambanci, hasken da ya taso daga tsakuwa yakan karkace daidai inda ya bar ruwa ya shiga iska. Ƙwaƙwalwa kuwa ta saba da cewa haske miƙe yake tafiya, sai ta bi layin da ya shigo ido ta ajiye hoton tsakuwar sama da inda take. Mai leƙawa daga sama yana ganin kashi 3 cikin 4 na zurfin: ruwa mai ƙafa 4 ya zama kamar ƙafa 3. Mai kallo daga gefe, kamar yadda na tsaya a kan dutse, abin da yake gani bai ma kai haka ba. Idan ya hanga nesa, fuskar ruwan ta koma madubi, sararin sama kawai take nuna masa.

Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya yi bayanin wannan karkacewa a Kitabul Manazir da ya rubuta a Alƙahira shekaru dubu da suka wuce. Yaran Kakuri da Makera da Nasarawa da ke gangarawa kogi duk rani ba sai sun karanta shi ba. Ya isa a gaya musu cewa ruwa ya fi yadda ake ganinsa zurfi, kuma a fara tura sanda kafin ƙafa. Ƙanena yana da ’ya’ya biyu yanzu. Da kofi da cokali na nuna musu.