Kamfanin da ya rufe da tatsuniyar da ta saura

Da la'asar, idan na fito daga aji a nan Difa, nakan tarar da ɗalibaina a gindin dogon yaro sun yi cincirindo kan salula guda, suna wasan bidiyo. Jaruman wasan ba su san Komadugu ba, ba su san gonar tattasai ba. Na daɗe ina ɗaukar abin ɓata lokaci, har na san tarihin wani kamfanin Faransa mai suna Coktel Vision.

Mutane da yawa sun san shi ta hanyar Adibou, wasan da ke koya wa yara karatu da lissafi a kwamfuta. Roland Oskian ne ya kafa kamfanin. A 1986 wata injiniya ƴar tsibirin Martinik, Muriel Tramis, ta bar aikinta a Aérospatiale ta shigo. Wasanta na farko, Méwilo, ya fito a 1987, kuma tare da marubuci Patrick Chamoiseau ta tsara labarinsa, shekara biyar kafin ya ci kyautar Goncourt ta 1992. Labarin yana faruwa a garin Saint-Pierre a 1902, jajibirin ranar da dutsen Pelée ya yi aman wuta ya hallaka garin. Mai wasa yana binciken wata fatalwa, sai binciken ya kai shi ga tarihin bauta. A 1988 suka fitar da Freedom, inda mai wasa yake zama bawa a gonar rake, yana haɗa kan ƴan'uwansa domin tawaye.

Daga baya kamfanin Sierra na Amurka ya saye Coktel a 1993. Aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu, har Mindscape ya karɓe shi a 2005, shi ma ya rufe a 2011. Gida ya watse, amma Méwilo da Freedom ba su ɓace ba: masu bincike suna nazarinsu, kuma a 2018 Faransa ta karrama Tramis da lambar Légion d'honneur. Abin da ya rayar da su shi ne labarin, domin na mutanen da suka rubuta shi ne.

A nan abin ya taɓa ni. Chamoiseau ma'aikacin harshe ne kamar ni da ku. Bai jira ya iya sarrafa na'ura ba, ya kawo abin da ya gada. Mu me muka kawo? A tsallaken kogin nan akwai kufan Birnin Ngazargamu, fadar Mai Idris Alooma, wanda ya faɗi a 1808. Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Difa da Bosso, ƙauyuka da yawa na bakin kogi sun tashi, tsofaffin da suka riƙe labaransu suna ƙarewa a zangon gudun hijira.

Ba mu da kamfani, kuma ko an kafa, yana iya rufewa kamar Coktel. Amma muna da aji da alli. Bana na umarci kowane ɗalibi ya zauna gaban kakarsa ya rubuto labari ɗaya, da Hausa ko da Barbarci ko da Fulatanci, ya zana taswirar ƙauyen da aka baro. Ina roƙon malamai da ƙungiyoyinmu su yi haka, su adana. Ran da wata Tramis za ta tashi daga cikin ƴaƴanmu, kada ta tarar da rumbu wayam.