Darasin da Faffaɗar Taya ta Koya Mana

Mu 'yan ƙungiyar koyon kanikanci muna da tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, da muke gwajin hannu a kanta. Wata rana muka ga faffaɗan tayoyi a wurin mai faci, sai kwaɗayi ya kama mu. Muka cire na baya masu lamba 175, muka sa masu lamba 205, don motar ta yi kwarjini.

Lambar nan faɗin taya ce a milimita. Ke nan mun ƙara milimita 30, wato 15 ta ciki, 15 ta waje. Da motar ke kan jak, taya na juyawa sumul, muka yi ta tafi.

Ashe ba mu auna ta da kaya ba. Da mutum biyar suka shiga, sifirin ya lotsa, bodi ya sauko. Muna faɗawa rami sai muka ji ƙara da warin roba. Muka tsaya, muka tarar bakin madigadi ya yanki gefen taya, saura kaɗan ta fashe. Da a guje muke, da labari ya sha bamban.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Ya sa muka loda mota, kowa ya zura yatsa tsakanin taya da ƙarfe. Inda yatsa bai shiga ba, in ji shi, akwai haɗari. Muka mayar da tsofaffin tayoyinmu a kunyace.

Ƙannenmu masu tasowa, ku auna kafin ku ɗaura. Kwaɗayi mabuɗin wahala.