Na Je Jos Ɗauko Furen Gwaggo

Ranar da Gwaggo ta aiko cewa lallai in zo Jos kafin wata ya ƙare, na ɗauka kayan ɗaki za ta raba mana. Ai duk dangi mun san tun bayan rasuwar Alhajinta 'ya'yanta suka matsa sai ta koma wurinsu Abuja, gidan ma har an yi cinikinsa. Ashe ba kwalla ba ce, ba kuma tasa ba. Wai itacen fulawa za ta ba ni. Wallahi 'yan uwa sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Tun daga Kano har Jos saboda fure!

Amma kiran Gwaggo ba a ƙin amsa shi. Cikin watan Nuwamba na 2023 na yi sammako zuwa tashar Unguwa Uku. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore kowa ya yi tsit yana addu'a, sai Saminaka. Daga Jengre ne za ki fara jin mota tana nishi, hanya tana ta hawa, iskar da ke shigowa ta taga kuma ta canza. Ni da na baro gida da ɗan mayafi shara-shara, kafin mu shiga gari har haƙorana sun fara haɗuwa. Jos fa a kan tudu take, tsayinta ya kai kusan mita 1,200 daga teku, shi ya sa dankalin Turawa da kabeji da karas har da sitiroberi suke jin daɗinta. Ga duwatsu wani kan wani kamar da hannu aka jera su, ga manyan kududdufai da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa.

Na sami gidan duk a hargitse, an ɗaure kaya cikin buhuna da kwalaye. Gwaggo ta rame. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta ce, "Sai haƙuri 'yar nan. Ci abinci ki kwanta, abin da na kira ki dominsa ba da dare ake ganinsa ba."

Washegari da hantsi, rana ta ɗan fara ɗumama gari, ta ja hannuna muka zagaya bayan ɗakinta. Tun kafin in ga komai ƙamshin ya tare ni. Kin san turaren wardi da alhazai ke tsaraba da shi? To kamar shi, sai dai wannan ba ya hawa kai, sanyi gare shi. Can na hango itacen, tsayinsa ya kai kafaɗata, jikinsa duk ƙaya. Kowane reshe ya miƙe sambal, a kansa fure ɗaya tak, ja wur har yana neman komawa baƙi, faɗinsa ya cika tafin hannu. Da na taɓa shi sai na ji kamar karan-miski.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta zauna a kan wani dutse, ta gyara zanenta. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan, 1979, kullum kuka take yi, ga sanyi ga kewar gida, ko abinci ba ta iya ci. Rannan sai Alhaji ya shigo da wani ɗan tsiro a gwangwani, ya sayo wurin wani tsoho da ya taɓa yi wa Turawan kuza aikin lambu. Ya ce mata, "Shi ma baƙo ne a garin nan kamarki. Ki kula da shi mu ga wanda zai riga sabawa."

"Mutumin nan," in ji Gwaggo, "har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba. Mazan da ba sa faɗa. Amma duk Juma'ar da itacen nan ke da fure, kafin ya tafi masallaci sai ya yanko ɗaya ya sa mini a kofi gaban madubi."

Na sunkuyar da kai, don ban saba jin irin wannan magana daga bakinta ba.

Wanda ke gabanmu ba shi ne na gwangwanin ba, jikansa ne. Duk sanda uwar ta fara tsufa sai Gwaggo ta yanki reshe ta dasa. Sunansa kuwa tana riƙe da shi tun daga bakin tsohon nan: Mister Lincoln. Da na dawo na bi diddigi, sai na tarar a Amurka aka samar da shi a 1964, masu renon fure biyu, Herbert Swim da O. L. Weeks, suka fito da shi. Yana cikin dangin wardi masu dogon wuya, waɗanda aka samu ta hanyar haɗa wardin Turai da wani jinsi mai asali daga ƙasar Sin, wanda ake wa laƙabi da wardin shayi saboda an ce ƙamshinsa na kama da na ganyen shayi. Wanda aka fi ɗauka a matsayin na farko a dangin shi ne La France, da wani Bafaranshe mai suna Guillot ya fitar a 1867.

Bari in ɗan yi tsegumi. 'Yan matan da samari ke kawo wa jan fure a naɗe cikin leda mai ƙyalli, don Allah ku shinshina ku ji. Yawanci ba ya ƙamshin komai. Irin waɗannan, kamar na manyan gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya, an zaɓe su ne don su jure doguwar tafiya su daɗe ba su yi yaushi ba, ƙamshi kuwa ko oho. Ni dai tun da na shaƙi na Gwaggo na raina su.

Kwana uku na yi tana koya mini, kamar mai shirya amarya. Ta nuna mini reshen da ake yanka don dashe: wanda bai daɗe da gama fure ba, mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya. A cire ganyen ƙasa, a soka shi cikin yashi mai danshi, a kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta, a ajiye a inuwa, sai a yi haƙuri wata ɗaya zuwa biyu kafin ya yi saiwa. Ta ce yana son rana kamar awa shida, amma a Kano ta safe kaɗai zan ba shi. Ban ruwa a gindi da sassafe, ba a jiƙa ganye, don jiƙaƙƙen ganye ne ke kawo baƙin tabon da ke kakkaɓe shi. Taki sai wanda ya ruɓe sarai, ɗanye ƙone saiwa yake yi. In fure ya bushe, a bi reshen ƙasa zuwa ganyen farko mai 'yan ganyaye biyar, a yanke a karkace daidai saman idon da ke kallon waje. Ta ƙara da cewa in na taɓa sayen wani a wurin masu fulawa, in duba gindinsa: yawanci ɗan aure ne kamar mangwaro, duk tsiron da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, in ba haka ba zai cinye na kirkin.

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba za ki tafi da shi Abuja ba?"

Ta ce, "A bene za su ajiye ni, hawa na uku, ko ƙasar da zan taka babu. Kuma gwiwata ta gaji. A cikinku duka ke kaɗai na taɓa gani kina ba wa na'a-na'a ruwa ba a sa ki ba."

Na dawo Kano da reshe uku da ƙaramin dashe ɗaya a tukunya, na rungume shi a cinya tun daga Jos, wata mata a mota har tana tambayata ko magani ne.

Kada in ɓoye muku, na sha wuya. Rassan nan uku duk suka ruɓe, don tsabar so na dinga ɗura musu ruwa safe da yamma. Saura na tukunya. Da hunturu darɓa ta taru a kan sabon toho, na wanke ta da ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu. Da bazara ta shigo, watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, na yi kuskuren barin tukunyar jikin katangar da rana ke duka da yamma. Kwana biyu kacal bakin ganyayen ya ƙone ƙurmus. Na mayar da ita gabashin ɗaki, na lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa. Yana fara farfaɗowa kuma akuyar maƙwabta ta shigo ta yi masa aski, ko ƙayar ba ta dame ta ba. Ranar na zauna bakin rijiya na yi kuka sosai. Duk sanda Gwaggo ta bugo waya ta ce, "Ya baƙona?" sai in ce, "Lafiya lau yake," gabana yana faɗuwa. A lokacin kuwa wata 'yar uwarmu da ke Jos ta riga ta gaya mini masu gidan sun sare na can sun zuba siminti, wurin ajiye mota.

Sai da damina ta zauna sannan ya yi sabon reshe, ja-ja da shi. Cikin Agustan 2024 ya fitar da ƙunshi ɗaya. Allah da ikonsa, satin da ya buɗe Gwaggo tana Kano, ta zo bikin wata jikar yayarta, a gidanmu ta sauka. Furen bai kai rabin na Jos girma ba, zafinmu ba ya barinsa. Ran Juma'a da hantsi na yanko shi hannuna yana rawa, na sa a kofi, na lallaɓa na ajiye gaban madubin ɗakin da take.

Da ta idar da walaha sai na ji shiru ya yi yawa, na leƙa. Tana zaune bakin gado riƙe da kofin da hannu biyu, ta kusanto da shi fuskarta, idonta a rufe. Ta daɗe a haka. Can ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "'Yar nan, wannan kofin ya yi masa faɗi, dubi yadda wuyansa ya kwanta. Jeki nemo mini ƙarami."