Kwana Uku a Kan Kogin Nilu

Wanda ya san Kalambaina, a yammacin birnin Sakkwato ta hanyar Wamakko, da wuya ya haɗa sunanta da ruwa. Abin da ido ke gani shi ne farin dutse, da ramukan da ake haƙo shi, da jerin manyan motoci masu jiran lodin siminti, sana'ar da wurin ya shahara da ita tun 1967. Sai dai masana ilimin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya lulluɓe yankin, kuma dutsen da ake niƙawa a yau tarin ɓawon halittun ruwa ne da suka daskare. Malam, wanda aikinsa shi ne gwada ingancin wannan dutse, yana da wata katantanwa da ta rikiɗe ta zama dutse, wadda ya tsinta a ramin haƙa ya ajiye a kan teburinsa. Yakan tsokani matarsa da cewa a ƙasan teku suke kwana. Amma har suka shekara goma sha ɗaya da aure babu wanda ya taɓa kwana a kan ruwa a cikinsu. Jirgin da suka sani shi ne kwale-kwalen gulbin Rima, wanda ake shiga don dole, ana salati har a tsallake.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai su Masar ba. Neman haihuwa ne. Malama, wadda ke koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata, ta sha rubutu da sassaƙe da jiƙe-jiƙe iri-iri, ta kuma sha maganganun da suka fi su ɗaci. A ƙasar Hausa idan gida ya rasa kukan jariri, matar ake kallo, ko da yake likitoci sun daɗe da bayyana cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai hannun matsalar namiji. Inna, mahaifiyar Malam, ba muguwar mace ba ce, amma tana son ganin jikanta kafin ta koma ga Allah. Ta riga ta zaɓi wata 'yar ɗan'uwanta, an kuma tsayar da magana a kan cewa da zarar sun dawo daga Masar za a kai gaisuwa. Malama ta sayar da 'yan kunnenta na zinari, ta haɗa da kwasar adashinta, Malam ya karɓi rance daga asusun ma'aikata, suka tashi a cikin sanyin watan Janairu.

Bayan mako biyu ana gwaje-gwaje a Alƙahira, likita ya kira Malam shi kaɗai. Ya gaya masa cewa matarsa lafiyarta ƙalau, ƙwayoyin haihuwarsa ne suka yi ƙaranci ƙwarai, kuma sai ya sha magani na wata shida kafin a san mataki na gaba. Malam ya ninke takardar, ya cusa ta a jakar fasfo. Da ya fito, abin da ya iya ce mata shi ne, an ce su ci gaba da addu'a, su dawo bayan wata shida. Saura kwana biyar jirginsu ya tashi. Wani ɗalibin Jami'ar Azhar ɗan Sakkwato da ke yi musu tafinta ne ya kawo shawarar su je kudu su shiga jirgin ruwa daga Aswan zuwa Luksor, kwana uku, tun da kuɗin aikin da ba a yi ba suna nan. Malam ya amince nan take, ba don sha'awa ba, sai don tsoron zaman kwana biyar a ɗakin masauki yana kallon idon matarsa. Suka kwana a jirgin ƙasa, gari ya waye musu a Aswan.

Jirgin ya fi kama da otal mai hawa huɗu da aka ɗora a kan ruwa. Da shigarsu aka tare su da ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu da kofin wani jan abin sha da Misirawa ke kira karkade. Malama ta kurɓa, ta dubi mijinta: soɓorodo ne, irin wanda yara ke talla a ƙulle a leda a bakin kasuwa. A hawan ƙasa ɗakin cin abinci yake, tagoginsa dab da fuskar ruwa. A tsakiya akwai ɗakunan kwana, da kantin tsaraba, da zauren hira inda ake sayar da abubuwan da ba su shafe su ba. A can sama kuwa fili ne a buɗe, da rumfa, da gadajen shan hantsi, da wani ɗan tafkin wanka da bai fi girman tsakar ɗaki biyu ba, inda wasu tsofaffin Turawa ke jiƙa jikinsu cikin sanyin da Basakkwace zai nemi bargo. Malam ya kawar da kai, Malama ta gyara hijabinta, suka zaɓi kusurwar da ke fuskantar gaɓa, ta zama tasu har ƙarshen tafiya.

Ɗakinsu yana da na'urar sanyaya iska, da ƙaramin firji, da akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi, da banɗaki mai ruwan zafi, da babbar taga wadda idan aka zuge ta sai kogin ya zama kamar a bakin gado. Kowace safiya mai gyaran ɗaki yakan naɗe tawul ya mayar da shi siffar wata dabba: yau agwagwa, gobe kada sanye da tabaran Malam. Amma abin da ya fi zama baƙo gare su ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ɗakin guda ɗaya ne. A gida Malam yana da turakarsa, Malama tana da ɗakinta, yana cin tuwonsa a zaure tare da abokai, ita kuma tana ci da ƙannensa mata. Tsarin gidan Bahaushe yana da kyawunsa, yana kare mutunci, yana rage gundura, amma yana kuma bai wa mutum wurin ɓuya. A jirgi babu zaure, babu majalisa, babu fita sallar magariba a daɗe sai bayan isha'i. An ba su tebur mai lamba, sau uku a rana suna zama fuska da fuska, ga dafaffen waken ful, ga gurasa, ga kifin kogi, ga kayan zaƙi fiye da goma. A nan ne Malam ya gane cewa matarsa ba ta son ɗanyen tumatir, bayan shekara goma sha ɗaya.

Ko salla sai da ta haɗa su. Kogin yana karkata, jirgin yana bin sa, alƙibla kuwa tana sauyawa tsakanin azahar da la'asar. Malama ce ke duba wayarta ta nuna gabas, shi ya shiga gaba, su yi ƙasaru a ɗan filin da ke tsakanin gado da taga.

A rana ta biyu jirgin ya saki igiya ya bi ruwa zuwa arewa. Daga saman bene Masar ta bayyana musu a yadda take: siririn koren zare a kowace gaɓa, rake da ayaba da dabino, da jakuna da manoma cikin jallabiya, sannan nan da nan rairayi da duwatsu. Malama ta ce tamkar fadamar Kwalkwalawa aka miƙe ta ba iyaka. Malam ya tuna mata cewa wani ɓangare na wannan ruwa ya ratso ta gaban garin Mai Wurno a Sudan, inda mutanen da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903 suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Ya yi ta zuba tarihi, da na madatsar Aswan da aka kammala a 1970, da yadda ta hana ambaliyar shekara-shekara. Ta saurare shi, ba ta katse shi ba. Ta san mijinta ba mai yawan magana ba ne sai idan akwai wadda yake gudu.

Da yamma suka tsaya a Kom Ombo, inda wani tsohon gidan bauta na sama da shekara dubu biyu ke tsaye a bakin ruwa, kusa da ɗakin da aka jera busassun gawarwakin kadoji. Ɗan jagora ya kai su bayan ginin ya haska musu wani bango da aka sassaƙa kayan aikin likita, wuƙaƙe da almakashi da hantsaki, kusa da su kuma siffofin mata biyu zaune a kan kujerar naƙuda. Ya ce tun zamanin da mutane ke zuwa nan neman waraka. Malama ta daɗe a gaban bangon bayan kowa ya wuce. Malam ya tsaya daga nesa yana jin jakar fasfo a ƙirjinsa kamar an cika ta da tsakuwa. A daren nan masu jirgi suka shirya wasan da kowa ke sa jallabiya ana kiɗa, wani mai rawa yana juyi da faffaɗan siket mai launuka. Su dai suka koma ɗaki da wuri, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, kuma kowa ya san ɗayan bai yi barci ba.

Rana ta uku, bayan Edfu, suka iso Isna, inda madatsa ta tare kogin, dole kowane jirgi ya bi layi ya shiga wata mashiga ta kankare mai ƙofa gaba da baya. Tun kafin su isa, 'yan talla a ƙananan jirage suka ɗaura igiya a jikin nasu, suna jefo riguna da mayafai a cikin leda har saman bene, ana ciniki da ihu, wanda bai saya ba ya jefa musu kayansu. Malama ta yi dariyar da ya manta rabon da ya ji irinta, ta saya wa Inna mayafi ruwan toka. Sannan aka rufe ƙofar baya, aka fara zuƙe ruwan, jirgin ya riƙa nutsawa a hankali tsakanin bango biyu masu gansakuka, gaɓa ta ɓace, hayaniya ta mutu. A nan Malam ya zaro takardar ya ajiye a kan tebur, kusa da kofin shayinta.

Ya ce, "Malama, ban gaya maki gaskiya ba a Alƙahira. Matsalar ba taki ba ce. Tawa ce."

Ba ta taɓa takardar ba. Ta ce, "Na sani, Malam. Na gan ta tun cikin jirgin ƙasa, sa'ad da kac ce in ɗauko maka tikiti."

Ya yi shiru har aka fara buɗe ƙofar gaba, sannan ya tambaye ta abin da ya hana ta magana. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da kayan da ba nata ba, ba ta ga dalilin da za ta ɗaukar masa har da na faɗa ba. Ta ce ba ta riƙe shi da laifin rashin lafiya, domin ba shi ya ɗora wa kansa ba, kuma da ya bar maganar har suka sauka a gida, to wannan ne laifin da ba ta san ko za ta iya yafewa ba. Game da aure kuwa ta ce halas ne, ba ta isa ta hana ba. "Amma kada a kawo ɗiyar mutane a aza mata abin da anka aza mani. Kuma Inna, kai za ka gaya mata, da bakinka."

Jirgin ya fita zuwa ruwan da ya fi na baya ƙasa da 'yan mitoci, ya nufi Luksor. A daren ƙarshe suka zauna a kusurwarsu har ma'aikata suka fara kwashe kujeru. Ba su yi maganar haihuwa ba. Sun yi lissafin bashi, sun yi gardama a kan ko karkade ya kai soɓorodon gida daɗi, sun sa abin hasafin ma'aikata a ambulan kamar yadda aka saba a ƙarshen tafiya. Washegari ba su ma zagaya manyan gine-ginen Karnak yadda ya kamata ba, gajiya ta kama su, suka kama hanyar Alƙahira.

Mutanenmu kan ɗauki irin wannan hutu a matsayin almubazzaranci, kuma idan aka auna shi da ma'aunin buhun gero suna da hujja. Tafkin wanka da tawul mai siffar kada ba su warkar da kowa ba. Amma ma'aurata da yawa suna tsufa ba su taɓa samun kwana uku da babu uwa, babu baƙo, babu ƙofar fita ba, kuma akwai maganganun da ba sa fitowa sai a irin wannan ƙunci. Ba lallai sai an je Nilu ba. Su dai can Allah ya kai su.

Kwana biyu da dawowarsu Kalambaina, bayan sallar isha'i, Malam ya cire takalmansa a ƙofar ɗakin Inna, ya durƙusa ya miƙa mata mayafin, sannan ya faɗi abin da ya zo faɗa, kansa a sunkuye. Tsohuwar ta daɗe tana jan casbi. Daga ƙarshe ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta sallame shi. Ba ta ba surukarta haƙuri ba, domin ba a saba ba. Amma da safe ita da kanta ta dama fura ta kai ɗakin Malama, abin da ba ta taɓa yi ba, maganar kai gaisuwa kuwa ba a sake tayar da ita ba. Har yanzu gidan babu jariri. Malam yana shan maganinsa, takardar likita tana kan tebur, katantanwar dutse ta danne ta don kada iska ta ɗauke. An buɗe sabon adashi na kuɗin komawa Alƙahira, kuma Inna ta shiga da hannu ɗaya.