Gangarar Simplon a Hunturu

Mashigin Simplon, tsakanin Brig ta Suwizalan da Domodossola ta Italiya, tsayinsa ya haura mita 2,000, kuma ana share masa dusar ƙanƙara duk hunturu. Mutane sukan tausaya wa mai keke don wahalar hawansa. Ni kuwa gangarar ce ke damuna. A hawa, jiki na ɗumama kansa har gumi ya jiƙa riga. A gangara, ƙafa ta huta, iska ta ratsa jiƙaƙƙiyar rigar, yatsun da za su matse birki su sandare. Wani zai ce to ya zauna gida mana. Amma wanda ya tsaya a ƙoli ya sauya busasshiyar riga, ya sa safar hannu mai kauri, ya rage haɗarin ƙwarai kafin ya saki keken zuwa kwarin Gondo.