Reshen da ya ce shi ne gindi

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai abin da muke kira fok. Idan saɓani ya shiga tsakanin masu aiki a kan manhaja ɗaya, wani ɓangare kan kwafi aikin gaba ɗaya ya koma gefe, ya ci gaba da shi yadda yake so. Haka LibreOffice ta fita daga OpenOffice a 2010, kowa ya kama gabansa. Abin da ban taɓa gani ba a aikinmu shi ne wanda ya kwashe kayansa ya fita, sannan ya dage cewa har gobe yana cikin gida. Wannan sai a labarin Akbishop Marcel Lefebvre na same shi.

Lefebvre Bafaranshe ne, amma ba baƙon Afirka ba ne. Ya yi aikin mishan a Gabon, ya riƙe kujerar Akbishop na Dakar har zuwa 1962. A shekarar ne cocin Katolika ta buɗe babban taronta na biyu a Vatican, wanda aka rufe a 1965 bayan ya sassauta matsayinta kan 'yancin addini da hulɗa da sauran addinai. A 1969 Fafaroma Paul na shida ya fito da sabon tsarin ibadar Mas, aka koma yin ta da harshen mutanen gari maimakon Latin. Lefebvre ya ce bai san zance ba. A 1970 ya kafa ƙungiyar limamai da aka fi sani da SSPX, da makarantar horar da su a Econe ta ƙasar Suwizalan. A 1976 aka dakatar da shi daga aikin limanci, bai fasa ba.

Muna da wata tambaya marar daɗin ji da muke yi wa kowane aiki: mutum nawa ne idan mota ta kaɗe su aikin zai tsaya cak? A wajen Lefebvre amsar ita ce mutum ɗaya. A tsarin Katolika bishop ne kaɗai ke naɗa limami, shi kuma a 1988 shekarunsa 82. Ranar 5 ga Mayu ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Kadinal Ratzinger, washegari ya janye. Ranar 30 ga Yuni ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Fafaroma ba. Dokar coci ta ce duk wanda ya yi haka, da mai naɗin da wanda aka naɗa, ya yanke kansa daga tarayyar coci nan take. Ranar 2 ga Yuli Fafaroma John Paul na biyu ya kira abin ɓaraka.

Nan ne abin ya fi ɗaure min kai. Vatican ba ta ce naɗin na bogi ba ne. Cewa ta yi ya inganta, amma ya saɓa doka. Mutanen nan huɗu bishop ne na gaske, limaman da za su naɗa ma na gaske ne. A wajenmu idan ma'aikaci ya tafi da mabuɗin da muke sa hannu a manhaja da shi, sai mu soke mabuɗin, cikin minti biyar ya zama banza. Coci ba ta da wannan damar, domin a aƙidarta naɗi ba ya gogewa. Tana iya korar mutum, amma mabuɗin ya tafi da shi, kuma yana buɗe ƙofa. Ina ganin shi ya sa ta kasa juya musu baya. Ratzinger, da ya zama Fafaroma Benedict, ya ɗage hukuncin a kan mutanen huɗu a Janairun 2009, amma ya ce har yanzu ƙungiyar ba ta da matsayi a dokar coci. Lefebvre bai ga wannan ba, ya mutu tun 1991.

Su kuwa 'yan SSPX suna ambaton sunan Fafaroma a ibadarsu, sun yarda shi ne shugaba, umarninsa ne kawai suke zaɓen wanda za su bi. Hujjarsu larura: imani na cikin haɗari, don haka doka ta jira.

Ba na raina abin da ya dame su. Na ga yadda mutane ke ji idan muka sauya musu manhajar da suka saba da ita dare ɗaya, balle addu'ar da mutum ya binne iyayensa da ita. Tsohuwar da ke son Mas ɗin Latin ba ta naɗa kowa ba, amma ita ce aka buɗe wa ƙofa a 2007, Fafaroma Francis kuma ya sake tura ƙofar a 2021.

Inda na rabu da su shi ne kan larurar. Wa ke tantance cewa ta samu? Idan kai ne, to na ƙasa da kai ma zai iya. Tun a 1983 ƙungiyar ta kori limamanta tara a Amurka, suka je suka kafa tasu. A 2012 ta kori Richard Williamson, ɗaya daga cikin huɗun nan, saboda ƙin biyayya ga shugabanninta. A Maris na 2015 Williamson ya je Brazil ya naɗa nasa bishop ɗin ba da izinin kowa ba. SSPX ta fitar da sanarwa ta yi tir da naɗin, ta ce ba a kwatanta shi da na 1988.