Asabar ɗin Ann Arbor

A makon ƙarshe na watan Nuwamba, harafin M ba shi da sakewa a harabar Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus. Ɗalibai kan bi alluna da sunayen gine-gine suna liƙe shi da jan salatif, don kawai shi ne farkon sunan Michigan. Haka na baro garin ranar Juma'a, 24 ga Nuwamba 2023, kashegarin bikin Thanksgiving, na nufi arewa zuwa Ann Arbor don kallon karawar ƙwallon ƙafar Amurka tsakanin jami'armu da Jami'ar Michigan, wadda aka fara tun 1897.

Tafiyar kusan kilomita 300 ce, ta cikin gonakin masara da aka riga aka girbe, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tudu ba kwari. A Toledo na tsaya shan mai da sallar la'asar. A kan wannan gari Ohio da Michigan suka ja daga a 1835, kowa na cewa yankinsa ne, har gwamnatin tarayya ta bar wa Ohio shi, ta lallashi Michigan da wata ƙasa mai faɗi a can arewa. Har gobe garin a rabe yake. A gidan man, mai jar rigar Ohio da mai shuɗiyar Michigan suna layi ɗaya, kowa na harare-harare yana murmushi.

Ɗan kawuna ne ya sauke ni, taubashina, wanda ya daɗe a jihar Michigan har ya zama nasu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Bawana, ka zo karɓar ta uku ke nan?" Sun doke mu a 2021 da 2022, don haka na haɗiye. Gabar makarantun nan biyu ta fi kama da wasan da ke tsakanina da shi: gado ce, ba wanda ya zaɓa, kuma ba mai son ɗayan ya ɓace.

Da asubar Asabar tuni hayaƙin gashi ya turnuƙe filin golf da ke daura da filin wasan. Iyalai sun buɗe bayan motoci, kaka da jika sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa, ana ta ciye-ciye cikin sanyi mai ratsa ƙashi. Filin, wanda aka buɗe a 1927, daga waje bai cika ido ba, domin haƙa shi aka yi cikin ƙasa. Sai ka shiga ka leƙa ƙasa kanka ya sara. Mutum fiye da 110,000 ne a ciki ranar, sun zo kallon 'yan makaranta.

Kowane ɓangare ya ci wasanninsa 11 bai faɗi ko ɗaya ba. Kocin Michigan, Jim Harbaugh, yana cikin dakatarwa saboda zargin leƙen asirin alamun abokan hamayya, mataimakinsa Sherrone Moore ne ke riƙe da ragama. A wannan wasa ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma da ƙwallo, in ta kasa ta miƙa, don haka kowane taku ana ƙwatarsa ne da ƙirji. An tafi hutu Michigan na da 14 muna da 10, muka dawo muka yi kunnen doki, 17 da 17.

A nan ne abin da ba zan manta ba ya faru. Zak Zinter, ɗaya daga cikin ƙartin da ke share wa Michigan hanya, ya faɗi, ƙafa ta karye. Filin ya yi tsit. 'Yan wasansu suka kewaye shi, sannan jama'a suka ɗauki kiran sunansa har aka fita da shi. Ana dawowa wasa, Blake Corum ya ɗauki ƙwallo ya keta yadi 22 ya ci, ya ɗaga yatsu yana nuna 6 da 5, lambar rigar abokinsa. Ni da na zo neman faɗuwarsu, tsigar jikina ta tashi.

Mun yi yunƙuri. Ɗan wasanmu Marvin Harrison Jr. ya rage tazara zuwa maki uku, amma Michigan ta riƙe ƙwallo kusan minti bakwai ta ƙara uku. Saura daƙiƙoƙi kaɗan mai jefa mana ƙwallo Kyle McCord ya jefa ƙwallon ƙarshe ana ture shi, Rod Moore na Michigan ya cafe. Shi kuwa Moore ɗan jihar Ohio ne. Aka tashi 30 da 24, mutane suka tsallake shinge suka cika fili. Taubashina bai tsokane ni ba a lokacin, hannuna kawai ya riƙe har muka fita daga turmutsitsin.

Da yamma a falonsa muka kalli wasan Alabama da Auburn. Saura ƙasa da minti ɗaya, dama ta huɗu, ga yadi 31 a gabansu, Jalen Milroe na Alabama ya wurga wa Isaiah Bond a kusurwa, Alabama ta ci 27 da 24. Kyamara ta nuno magoya bayan Auburn hannu a ka, na san sarai abin da ke cin ransu.

A hanyar dawowa ranar Lahadi, masu kiran waya a rediyo ba su da magana sai a kori kocinmu Ryan Day, a sauya McCord. Wannan ya dame ni fiye da rashin nasarar. Yaro ɗan shekara 21 ya ci wasa 11 a jere, sai yini ɗaya ya shafe su duka a idon manyan da suka haife shi. Ina son wannan hamayya, amma nauyin da muke ɗora wa yaran ya wuce kima. Ba a yi mako biyu ba McCord ya nemi barin makarantar, daga baya ya koma Syracuse. Michigan kuwa ta zarce ta doke Washington a watan Janairu, ta ɗauki kofin ƙasa.